Mashin Ɗin da Kufai Ya Riƙe

Har yau in zancen mashin ya tashi a rumfar mai shayi, sai wani ya nuna ni da baki ya ce ai ga wanda ya taɓa hawan Dorina. Ni kuma sai in duƙufa kan kofina kamar ban ji ba. Ba wai ba ni da abin faɗa ba ne, ai ni in aka taɓo ni kan mashin sai an gaji an watse an bar ni ina zuba. Ƙarshen labarin ne bai dace da rumfar shayi ba.

Dorina mashin ce, ba dabbar ruwa ba. 'Yan kabu-kabun Yelwa suka laƙaba mata sunan ranar da na shigo gari da ita, saboda baƙinta da faɗin ƙugunta da irin nishin da take yi. Shekarar da albasa ta yi mini kyau na saye ta hannun wani tsohon direban tirela a Kontagora, wanda shi ma daga kudu ya ɗauko ta, ya ɗan hau ya gane gwiwoyinsa sun wuce wannan aikin. Matata ta yi kwana da kwanaki ba ta yi mini magana mai daɗi ba, ta ce mai hankali injin ban ruwa zai ƙara. Gaskiyarta ce, amma ban saurare ta ba, kuma ko yau aka maido ni ranar ba zan saurara ba.

Duk wanda bai hau irin wannan mashin ba, don Allah ya daina sa mini baki. Ba hawa ake yi ba, zama ake yi. Sirdinta faffaɗa ne mai taushi, ƙafafuwanka suna miƙe a gaba kan wasu faranta na ƙarfe, hannuwanka a sake. Akwai gilashi a gaba mai tare iska da ƙwari, akwai akwatuna biyu a gefe, na baya kuma yana da kujerarsa daban, da majingini har da wurin ɗora hannu. In na hau kwalta daga Yelwa na nufi Shanga, na zuba giyar sama, sai ta kwanta a hanya ta daina ko rawar jiki. Ramukan da ke sa ƙananan mashina tsalle kamar awaki, ita haɗiye su take yi. Tirela ta wuce ka da iskarta, ko gezau. In ka ga fili ka murɗa mata totur ba ta zabura, turo ka take yi daga baya a natse, sai dai ka ga bishiyoyi sun fara gudu. Nakan sauka bayan doguwar tafiya bayana bai san an yi komai ba.

Sai kukanta. Ba ta da ƙarar nan ta ƙananan mashina mai huda kunne. Daga ƙasa take bugawa, dum-dum, dum-dum, a ƙirji kake jin ta kafin kunne. In na tsaya ƙofar gida na bar ta tana aiki, ruwan randa har rawa yake yi.

Amma fa tana da halinta. Duk daɗin nan na kwalta ne da gudu. Da ka rage tafiya nauyinta sai ya dawo hannunka gaba ɗaya, juya ta a lungu kuwa sai ka yi gumi. Yashi ko ganinsa ba ta so. Ta taɓa kwanta mini a kasuwar kifi gaban jama'a, sai da ƙarti suka taru muka ɗaga ta, ana dariya ana ce mini sannu da kiwo. A bakin ruwa a Wara, inda kowa ke cicciɓar mashin ɗinsa ya sa cikin jirgi a haye da shi, masu jirgi da sun hango ni sai su fara kaɗa hannu tun daga nesa. Mu nan mun saba da mashin da in ya ƙi hanya sai ka sauka ka ɗaga bayansa ka gyara. Dorina ba a yi mata haka, inda ta tsaya nan ta tsaya.

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kula mashin ɗin ba sai shekarar da zan ba da labari. Ita haifaffiyar wani ƙauye ce wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan dam, can wajen Wara. Tana da ƙuruciyarta aka tashe su aka kai su gidajen sumunti da gwamnati ta gina a tudu, inda daga baya aka haife ni. Kafin tashin, 'yarta ta fari ta rasu, yarinyar da ta fara tafiya ta fara kiran Inna. Aka binne ta bayan ɗaki, yadda ake yi wa ƙananan yara a wurinsu. Ba da jimawa ba ruwa ya zo ya rufe ɗakin da kabarin da garin duka. Ni ban san ta ba. Yaya kawai muke ce mata in zancenta ya zo, kuma ba ya yawan zuwa.

Ruwan dam yana da lokacinsa. Daga kaka zuwa sanyi a cike yake, in zafi ya yi nisa sai ya soma ja da baya, har gab da damina ya bar wani baƙin fili wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. A nan kufan su Inna yake fitowa. Ba bango, ba rumbu, ruwa ya narkar da su tuntuni, sai kututturen wata tsamiya da ta taɓa tsayawa tsakiyar garin. Da wannan kututture Inna take gane wuri. Kowace shekara takan dama kunu ta zuba a kwalba, ta je wurin ƙanenta, Kawu, wanda yake zaune a wani ƙauye bakin filin, su taka tare. Ta zauna inda Yaya take, ta yi mata addu'a irin tamu, ta zuba mata kunun irin na kakanninta, ta ba ta labarin gida. Ni ban taɓa raka ta ba. Lokacin sharar gona ne, kuma ban ga abin da mai rai zai je nema a filin Allah ba.

Mutanen wurin suna da ƙa'idarsu kan kufai. Ana noma ƙasar da ruwa ya bari ko'ina, amma ba a sa fartanya a kufai. Ana shiga da sallama. Ba a ɗauko komai daga ciki, ko da tsingaro ne, kuma abin da ƙasar wurin ta riƙe an bar mata ke nan. Masunci in komarsa ta sarƙe a saitin wurin lokacin cikar ruwa, yanke ta yake yi ya tafi. Musulminsu da Kiristansu da masu bin na gargajiya irin Kawu, ban taɓa jin an yi musu a kan wannan ba.

To sai tsufa ya kama Inna ta ƙugu, ya kuma bi ta ido. Aka gwada ɗora ta a kabu-kabu, ba a fita daga gari ba ta ce a sauke ta, hawaye na zubo mata don zafi. Mota kuma ba ta shiga hanyar ƙauyen Kawu. Shekara ta wuce ba ta je ba, wata ta bi. Ana nan sai Kawu ya aiko cewa kututturen tsamiyar ya ruɓe, ruwa ya tafi da shi, ya je ya duba ya tarar fili duk ya zama ɗaya. Daga ranar Inna ta rage cin abinci. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, sai dai ka same ta zaune ta fuskanci kudu. Na ce mata ai addu'a daga ko'ina tana isa. Ta ce ta sani. Can ta ce, "Ni kaɗai nis san inda take. In nit tahi, shi ke nan, ba ta da kowa."

Wata safiya ina ɗumama Dorina a ƙofar gida sai ga Inna ta fito da sandarta tana lalube. Ta ɗora tafin hannu kan tanki ta tsaya tana saurare, ta daɗe a haka.

"Auta," ta ce, "wanga mashin naka lugude shika yi."

Na yi dariya na ce wane irin lugude kuma. Ta ce irin na garinsu, in mata biyu sun haɗu kan turmi ɗaya. Sannan ta shafa kujerar baya, ta danna ta da yatsa, ta taɓa majinginin. Ta tambaye ni ko nauyin mashin ɗin ya kai na sa. Na ce ai ya kai na bijimi mai kyau, ina faɗa ina taƙama. Ta gyaɗa kai ta ce gobe in kai ta wurin Kawu.

Da hantsi muka fita. Na ɗaga Inna na zaunar, na sa mata matashi a ƙugu, na ɗauko zane na ɗaure ta da majinginin. Kwalbar kunu tana rungume a cinyarta. A kwalta na bi da ita a hankali, ina jiran ta ce wayyo, shiru. Mun wuce Birnin Yauri na ji ta ce, "Ƙara mai kaɗan, ba gawa ka ɗauko ba." Na ƙara. Ta ce kujerar ta fi gadon asibiti, ta ce da ta san haka abin yake da ba ta taya matata faɗa ba. Abin da ya ba ni mamaki, mace ce da ba ta gani sai dishi-dishi, amma kafin in kwantar da mashin a kwana sai in ji ta riga ni kwantawa, daidai gwargwado. Ban taɓa ɗaukar wanda ya iya zaman baya kamarta ba. Ranar na ji daɗin Dorina fiye da kullum, na kuma ji daɗi da ya kasance ni ne na kawo Inna.

Da muka bar babbar hanya muka hau burji, daga burji muka faɗa hanyar shanu, sai Dorina ta fara halinta. Gaba yana yawo cikin yashi, ina tafe ƙafa a ƙasa ina tsine wa yashi a zuci don kada Inna ta ji. Muka dai isa. Mun sami Kawu ƙarƙashin rumfa yana gyaran koma. Ya gaida yayarsa cikin harshensu, suka yi doguwar magana wadda rabi kawai na tsinta. Sannan ya tashi ya zagaya Dorina, ya dube ni. Ya ce ƙananan mashina suna bin filin, ɓawon laka yana ɗaukarsu, amma wannan shi bai sani ba, kuma ko ƙananan a bakin kufai ake ajiye su a shiga da ƙafa. Inna ta ce ba ta da ƙafar, kuma mutanen ciki sun san ta, ba za su kama ta da laifi ba. Kawu bai ja maganar ba. Ya ce mu yi gaba, zai biyo mu da sandarsa.

Rana ta kusa tsaka lokacin da muka gangara filin. Muka ratsa gonakin wake da na masara, masu su duk sun tashi sun nemi inuwa, daga nan sai baƙar ƙasa wadda ta tsattsage kamar dunduniyar manomi, da fararen ɓawon kumba warwatse. Ba bishiya, ba tsuntsu, ba iska. Can nesa ruwa yana ƙyalli, ba ka iya cewa ga inda ya ƙare ga inda sama ta fara. Ta gabas kuma hadari ya soma haɗa baƙi. Dorina ta ji daɗin wurin, ƙasa a shimfiɗe mai tauri, tana tafiya lafiya lau, ɓawon yana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin taya. Amma kukanta ya sake. A kwalta fita yake yi ya tafi abinsa. A nan in ta buga dum-dum sai in ji wani dum-dum yana amsawa daga ƙasa, ɗan baya kaɗan. Na ce wa kaina ai laka ce mai ruwa a ƙarƙashi. Duk da zafin ranar sai da tsigar jikina ta tashi.

Inda shuka ta ƙare gaba ɗaya, nan ne kufai. Ban gaya wa Inna mun iso ba, ita ta taɓa kafaɗata na tsaya. Ta yi sallama da ƙarfi, ta jira, irin jiran da ake yi a ƙofar gida kafin a amsa. Ni ma na yi tawa ciki-ciki. Na duba gabas da yamma, wallahi ba abin da ya bambanta nan da can. Na ce Inna ba kututture, ba komai, ta yaya za mu gane. Ta ce in tafi kawai, sannu, da giyar ƙasa.

Haka muka yi ta yi. In miƙe har ta ce juya, in juya da ƙyar, in dawo kusa da sawun da na bari, kamar mai huɗa. Tafiyar sannu ita ce Dorina ta fi ƙi. Hannuwana suka gaji, injin yana gasa mini ƙafafu, gumi na shiga ido. Na fara mita. Na ce mai zai ƙare, na ce hadari na tafe, na ce ni fa ba bijimin huɗa ba ne. Inna ta tuɓe takalmanta ta ɗora tafin ƙafa kan ƙarfen mashin, kanta a sunkuye. Jefi-jefi ta ce, "Hagu kaɗan." Ko ta ce, "Koma."

A wata dawowa na ji amsawar nan ta ƙasa ta yi zurfi, kamar an bugi babbar ganga. Inna ta damƙi rigata ta ce, "Tsaya nan." Na taka birki na sa ƙafa. Ban gama sauke numfashi ba na ji bayan mashin yana sauka. Ba faɗuwa ba ce, a hankali ne, yadda saniya take kwanciya. Ɓawon ya fashe a kewaye da mu, baƙar laka mai wari ta ɓullo. Na yi abin da duk ɗan garinmu zai yi, na diro na kama sitiyari zan fizgo ta, ina murɗa totur. Tayar baya ta yi ta juyi tana haƙa wa kanta rami. Da na ga laka ta kai akwatunan gefe, na saki komai na kwance zanen, na sunkuci Inna da kwalbarta na fitar da ita inda ƙasa take da ƙarfi. Salansa ta shige laka ta yi ɓul-ɓul, injin ya mutu.

Nan ne abin da ba na faɗa a rumfar shayi. Injin ya mutu, na miƙa hannu na zare makulli, ga shi a tafina. Amma luguden bai tsaya ba. Dum-dum, dum-dum, daga ƙasa, ina jin sa a tafin ƙafata. Na ce bugun zuciyata ne, na dafa ƙirji, na ji nawa daban yake tafiya, da sauri. Na dubi Inna, tana zaune a ƙasa tana gyaɗa kai daidai da bugun. Bai daɗe ba ya yi ƙasa-ƙasa ya ɓace. Masunta sukan bugi jikin jirgi don su koro kifi, sauti kuma yana tafiya nesa a kan ruwa, wannan nake gaya wa kaina har yau. Tsoro dai na ji shi, irin wanda ban taɓa zaton ana ji da rana tsaka ba.

"Rijiyarmu ta," in ji Inna.

Ta ce a ƙofar gidansu take, kuma lakar da ta cike rijiya ba ta taɓa yin ƙarfi kamar sauran ƙasa. Ta ce in juya ta ta ba rijiyar baya ta fuskanci gabas. Na yi. Ta fara jan jiki da hannu, ta ƙi yarda in ɗauke ta, tana faɗa tana tafiya, nan zaure, nan turmi, nan ɗakin uwar miji, nan nawa. Ta ɗan zagaya, ta tsaya, ta shafa ƙasa da tafin hannu. Ta yi addu'a, ta buɗe kwalba ta zuba kunun cikin tsagar ƙasa, sannan ta fara magana cikin harshensu da wata murya da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba, ko ni da nake auta. Na ji ta ambace ni a ciki. Ni kuwa ina tsaye tsakanin ta da mashin ɗina, na rasa wanda zan duba.

A haka Kawu ya iso. Ya dubi Dorina, gabanta a sama, bayanta cikin rami har sirdi. Ya dubi yayarsa inda take zaune. Na ce ya taimaka ya nemo mini shanu da igiya da samari kafin hadarin nan ya iso. Ya ce ba wanda zai zo. Na ce ba kyauta nake nema ba. Ya girgiza kai.

"Kuhwai ya riƙa, ɗana," ya ce. "Ba a amshewa."

Na yi masa faɗan da ba a yi wa kawu. Na ce wannan ba koma ba ce, ba tsingaro ba ce, albasar shekara guda ce ta shiga rami. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce in na samo baƙi daga wani wuri da za su ja, shi ba zai tare hanya ba, amma a garinsu ba hannun da zai kama igiyar.

Iska ta taso, mai sanyi da ƙamshin ruwa. Na goya Inna da zanen nan da na ɗaure ta da shi, Kawu yana gaba da sandarsa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Bayan wahalar Dorina sai na ji kamar ban ɗauki komai ba, abin ya ba ni tausayi ya kuma ƙara mini haushi. Ina tafe ina huci. Na tambaye ta ko shi ya sa jiya ta nemi jin nauyin mashin. Ta ce mahaifinta in ana neman tsohuwar rijiya da ta cike, bijimi yake korawa a kan wurin, inda ƙasa ta lotsa nan ne. Ta ce ta ɗauka lotsawa kawai za ta yi.

Na ce, "Inna, da kin gaya mini."

Ta ce, "Da ka zo?"

Mun kusa gonaki ta ƙara cewa, kusa da kunnena, "Yanzu ko ba ni kana gane wurin."

Ruwan farko na shekarar ya sauko kafin mu kai rumfar Kawu, aka kwana ana yi. Washegari aka fitar da Inna a kwance cikin amalanken shanu har bakin hanya, muka nemi mota. Na je na samo wani mai tarakta baƙo wanda ba ruwansa da ƙa'idar kowa. Ya zo ya tsaya a tudu ya dubi filin, ya ga ya zama taɓo, ko mutum nutsewa yake har gwiwa. Ya ce sai ƙasa ta bushe. Ƙasa ba ta bushe ba. Damina ta zauna, bayanta ruwan dam ya taso ya rufe komai. Na je na duba saitin inda nake zaton Dorina take, ruwa ne shimfiɗe da jiragen masunta.

Na yi fushi da Inna, fushi na gaske. Ina gaishe ta, ina kai mata abin da take buƙata, amma ba na zama hira. Ita kuwa ta koma cin tuwonta har da neman ƙari. Matata, wadda na ɗauka za ta yi mini dariya, ba ta ce uffan ba. Kafin kaka fushin ya sauka don kansa, muka koma hirarmu, har Inna tana tsokanata wai ta fi ni iya zaman mashin. Da sanyi ya shigo ta kwanta, ba ta daɗe ba ta rasu, da safe, ina riƙe da ƙafarta. Ba ta bar mini wasiyya kan kufai ba, ko kalma ɗaya.

Da zafi ya yi nisa Kawu ya aiko cewa ruwa ya ja. Tuni na yi magana da mai tarakta, ya ce a shirye yake, kira kawai yake jira. Na ce bari in fara zuwa in gani. Ina shirin fita matata ta miƙo mini kwalbar kunu, ban tambaye ta ba, ba ta yi bayani ba. Na hau ƙaramin mashin na aro, ya karkaɗe mini ƙashi har ƙauyen Kawu. Na ajiye shi bakin kufai na shiga da ƙafa, da sallama.

Tun daga nesa na hango Dorina. A duk faɗin filin ita kaɗai ce a tsaye, sitiyari da fitila da rabin tayar gaba, sun yi tsatsa, guntun koma da wani ya yanke yana rataye a ƙarfen madubi. Gilashin ba ya nan, ruwa ya ɗauke. Ba wanda ya taɓa ta, ko 'yan gwangwan da ba sa barin ƙusa a hanya. Laka ta bushe ta riƙe ta kam. Na dafa sitiyarin, hannuna ya zauna inda ya saba. Na saurara, ba lugude, ba komai, sai zafi.

Na ba ta baya na fuskanci gabas. Na bi yadda Inna ta bi, nan zaure, nan turmi, nan ɗakin uwar miji, nan nata, na ɗan zagaya. Na zauna na yi addu'a. Sai na rasa abin da mutum mai furfura zai ce wa yarinyar da ta girme shi alhali ba ta wuce koyon tafiya ba. Na buɗe kwalbar na zuba kunun cikin tsaga, ƙasa ta shanye nan take.

Na ce, "Yaya, ni ne auta. Inna ba za ta zo bana ba."

Da na fito tudu inda waya take kamawa, na kira mai tarakta na ce ya kama wani aikin.